Wane littafin yaƙi da aljanu zan ba yarona ɗan shekara 13?

Ummu Faisal, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Babban yarona shekararsa 13, yana mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, nan aka haife shi, Hausa yana jinta sarai don ita muke yi a gida amma karanta ta sai a hankali, in ya ci karo da ƙ ko ɗ sai ya tsaya ya ɗago yana kallona. Tunda aka shiga ijaza, wato hutun makaranta, ga zafin nan ba a fita, wuni yake a kan jawwal, wato waya, da PlayStation, duk wasan takubba da dodanni. Rannan ina wanke-wanke na jiyo shi yana ba ƙannensa labarin wani jarumi da shi ya ƙirƙiro abinsa, har da doki mai fukafukai, yaran sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Shi ne na ce ashe littafi yaron nan yake buƙata. Ina son mai doguwar tafiya da yaƙi da aljanu, na Hausa in da hali, amma banda mai soyayya don Allah.

Ɗan Jarwal:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Kar ki wahalar da kanki, ki nemo masa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Yaro ne da ya tashi a zaune ƙafa ba ta takawa, iyaye su tafi gona su bar shi a gida, har ranar da baƙi suka zo Allah ya ba shi lafiya da ƙarfin da ba mai ja da shi, ya hau dokinsa Kwalele ya tafi yi wa sarki Waldima yaƙi. Ni a firamare na karanta a Kano, wallahi har yau in na ga ingarman doki Kwalele nake tunawa. Tunda naki mai son doki ne ba zai ajiye ba.

Baba na Mai Wurno, Jidda:
'Yata, Iliya yana da daɗi ban musa ba, amma ni Ganɗoki zan ce. Malam Bello Kagara ya rubuta shi, yayan Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, duka biyun daga gasar 1933 suka fito aka buga su 1934. Dalilina shi ne farkon littafin ba tatsuniya ba ce, zuwan Nasara ne, Ganɗoki ya yaƙe su tun daga Kwantagora, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru da aka yi hijira gabas. An kashe Attahiru a Burmi 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, garinmu Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sinnar sunansa ya ci. Kakana yana yaro aka yi wannan tafiyar da shi, a ƙafa, kuma yakan ce Makka suka nufa tun farko, sauran duk zango ne. To daga nan ne littafin ya juya, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu, yaƙi kan yaƙi ga kirari kamar ana buga tambari a kunnenka. Yaron da aka haifa a Makka ya kamata ya san da wace ƙafa Hausawa suka iso nan kafin jirgi. Sai dai Hausarsa tsohuwa ce, akwai sulke da lifidi da kwalkwali, dole wani babba ya zauna kusa.

Malama Ummu Ruƙayya, Madina:
Yaya shawarar su Baba ta yi, abu ɗaya zan ƙara. Kar ki miƙa masa ki ce je ka karanta, zai gaji a shafi na biyu ya koma jawwal. Ni da nawa bayan isha'i nake karanta musu da murya, in an zo daidai inda aka zare takobi sai in rufe in ce sai gobe, kwana huɗu babbar ta ɗauke littafin da kanta ta shige ɗaki. Kuma tunda Larabci ne ƙarfinsa ki duba kantin littattafai na Jarir ko akwai labaran Sindbad na Kamil Kilani, don yara ya tsara su. Littattafan yaƙi na zamani da ake turawa a WhatsApp kuwa ki fara karantawa da kanki tukunna, wasu tsaf suke wasu kuma akwai abin da bai dace da yaro ba.

Ummu Faisal, Makka:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don mu ma kakar mahaifiyata ta Sudan ta biyo, ta jima a Gadarif kafin ta tsallako Jidda, ban taɓa zaunar da yaran na faɗa musu ba. Iliya zan fara da shi don ya saba da haruffan, sai Ganɗoki ya biyo. Ƙanin babansu zai zo umara wata mai zuwa, na riga na tura masa saƙo ya leƙa wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Baba in mun zo kan lifidi zan dawo nan ka yi mana bayani, don ni ma ban taɓa ganinsa da idona ba.