Matashi ko gwiwa? Neman kalmar Hausa ga "pulvinus"

'Yan'uwa, ku agaza min da kalma. Ina rubutu ne a kan Codariocalyx motorius, wani tsiro na Indiya da Bangaladash da kudu maso gabashin Asiya, wanda ake wa laƙabi da tsiro mai rawa. A gindin babban ganyensa akwai 'yan ƙananan ganyaye biyu, su ne ke kewayawa, zagaye ɗaya cikin minti 3 zuwa 5, kana kallo, ko iska ba ta kaɗawa. Masanin halittu Charles Darwin ya yi bayaninsa tun 1880. Motsin daga wani ɗan kumburi yake fitowa a gindin kowane ɗan ƙaramin ganye, masana na kiransa pulvinus. Mu me za mu ce masa?

Malam, ai kalmar Latin ce, ma'anarta matashin kai. A ce "matashin ganye" a huta.

Hajiya, ni ma can na fara nufa, sai na tuna mai karatu zai ɗauka sabon ganye ake nufi, wanda bai tsufa ba. Sannan matashi kwanciya ake yi a kansa, wannan kuwa shi ke aikin. Ƙwayoyin halittar gefe ɗaya na kumburin su fitar da sinadarin fotasiyam, ruwa ya bi shi, gefen ya saki. Ɗaya gefen ya cika ya yi tauri, sai ganye ya karkata. Can su yi musanya. Haka abin yake ga tsiron Mimosa pudica na nahiyar Amurka, mai naɗe ganye da zarar an taɓa shi.

To "gaɓar ganye" fa, Malam?

Gaɓa tana da mai ita, gaɓar kara, kuma ba ta motsi. Kada mu haɗa su faɗa.

Ni a ganina "gwiwar ganye". Kumburi ce, kuma nan ake lanƙwasawa. Samun sunan ma zai rage mana shaci-faɗi. Ana ta yaɗa cewa kiɗa ke sa tsiron rawa, alhali ka ajiye shi a ɗaki shiru, in da ɗumi da haske, zai ci gaba da abinsa. Sanyi ne ke rage masa gudu. Wasu kuma su jingina rawar ga sinadarin DMT mai sa maye da ake cewa akwai ɗan kaɗan a ganyen, kamar tsiron buguwa ya yi. Ko a samu sinadarin ko kada a samu, wannan aikin ɗakin gwaji ne, motsin dai na ruwa da fotasiyam ne a cikin gwiwar.

Yaya, gwiwar mutum sai tsoka ta ja ta, wannan kuwa ita ce gaɓar, ita ce tsokar. Bai saɓa ba?

Ƙanwata, idon sawu ma ba ya gani, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Na karɓa. "Gwiwar ganye" zan rubuta, jam'i "gwiwoyin ganye", in ambaci kalmar Latin sau ɗaya a farkon rubutun saboda ɗalibai masu jarrabawa.