Kun taɓa ɗaukar kuku ya yi muku girkin baƙi a gida? Ƴan Yamai ku ba ni labari

Maman Biyu, Bobiyel:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maigidana ya samu ƙarin girma a wurin aiki, yana so ya kira abokan aikinsa da shugabansu cin abincin dare a gida, Asabar ta sama. Mutum 15 ya ce mini, har da baƙi biyu da suka zo daga Abijan. Ni kuma aiki nake fita, ba ni da mai taya ni sai yarinya guda, ga ƴan biyu a hannu. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani kuku, ya ce jikka 35, wato sefa dubu 35, kuɗin hannunsa, cefane daban. Ban ba shi amsa ba tukuna. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini tsakani da Allah, kwalliya na biyan kuɗin sabulu, ko in kira ƙannena mu sha hayaƙinmu yadda muka saba?

Tanti ta Kwara Kano:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi, kuma in ta kama zan sake. Nawa ɗan Togo ne, dattijo, ya daɗe yana dafa wa Turawa a Filato. Kin san tun da sojojin Faransa suka tattara a Disamban 2023, aka rufe ofishin jakadancinsu, Amurkawa ma suka bi bayansu a 2024, gidaje da dama da ke riƙe da kuku sun tashi. Masu irin wannan hannun su ne yanzu ke karɓar girkin kwana ɗaya a gidajenmu.

Da hantsi ya iso, wuƙaƙensa naɗe cikin tsumma. Bai taɓa komai ba sai da ya buɗe firigo ya duba, ya ɗaga butelin gaz ya ji nauyinsa, ya kunna fur, wato murhun gashi, ya sa hannu ya ji ko wutar na ci sama da ƙasa. Giwan ruwa muka saya. Ya zare ƙayar tas, ya yanka shi falle-falle, ya jiƙa da lemun tsami da tafarnuwa da ɗanyar citta, ya rufe ya ajiye, ya koma kan kaji. Duk tukunyar da ya gama da ita sai ya wanke ya kife, kafin magariba kicin ya fi yadda ya same shi tsabta. Ni kuwa ranar da la'asar na yi wanka, na ɗaura ɗankwali na zauna da baƙina daga sallama har rakiya. A da in an yi baƙi gidan nan, ba a ganina sai wajen kwashe kwanoni, ido jajir, jiki na warin albasa.

Ɗan Ader:

Tanti kin hwaɗi daɗin, bari in hwaɗi ɗacin. Ni mutumin Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai. Can gida in kana da baƙi mahauci za ka kira ya gasa maka rago, mata su turara dambu da zogale, a dama hura, a kawo cuku da shayi, magana ta ƙare, kowa ya ci ya bari.

Da ƙanena ya dawo karatu daga Maroko munka ce mu yi irin ta ƴan birni, munka ɗauko kuku. Ya tambaye ni mutum nawa, na ce sha biyu. To shi wurinsa sha biyu sha biyu ce: cinyar kaza sha biyu, ɗan kwanon salati sha biyu, har kayan zaƙin ƙirge suke. Kun san halinmu kuwa. Wanda ka kira zai taho da abokinsa, maƙwabcin da ya ga motoci ƙofar gida zai leƙo gaisuwa, direbobi na zaune waje kan benci, mai gadi na nan, kuma ba ka cika unguwa da ƙamshin nama ba ka aika wa maƙwabta kwano ba. Da anka idar da isha'i mun haura ashirin. Sai yaro na tura bisa moto wurin mai balangun bakin titi, anka zo anka juye cikin tire, baƙin alfarma na ta yi mishi rubdugu, abincin kukun kuwa kowa na jin kunyar miƙa hannu don an ga bai da yawa. Abincinsa ya yi daɗi, ban hana ba. Amma ya saba da gidan da ake ƙirga kujeru kahin a ɗora tukunya, mu kuwa ba haka munka tashi ba.

Tanti ta Kwara Kano:

Ɗan Ader ai wannan kai za ka ninka masa lissafi tun farko. Ni in na kira goma, ashirin nake cewa.

Hajiya ta Yantala:

Maman Biyu, jikka 35 ɗin nan ba ita ce za ta ci ki ba. Cefanen ne. Ni na miƙa wa nawa kuɗi a hannu na ce je ka sayo abin da kake bukata, don ina da sabgar suna a dangi. Ya dawo mini da ledojin kantin Turawa: man shanun kwali, kirim, cuku na waje, mutardi, wani ganye a ƴar kwalba da ko cokali ɗaya bai ɗiba ba, har yau yana nan cikin kabad. Kin san tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan waje sai sun zagayo ta Lome su ratso Burkina Faso kafin su iso mu, duk abin da ke cikin gwangwani ko kwali ya yi tsada. Kuɗin cefanen ya kusa ninka kuɗin hannunsa sau uku, kuma babu takardar rabin abin da ya saya. Ban ce ya ci ba, Allah ne masani, amma zuciya ba ta kwanta ba.

Karo na biyu na canza tsari. Na ce ya rubuto mini jerin kaya tun kwana uku kafin ranar, muka zauna muka bi shi layi-layi, duk abin da ke da madadinsa a nan na soke. Albasarmu ta Galmi wace albasa ce ta fi ta? Tumatir da tattasai da karas da kabeji na sayo su Katako da kaina, kayan ƙamshi Wadata, kifi kuma na yi sammako Jamaje na zaɓa da idona, na ɗaga kunnensa na ga ja ne. In rago za ki yanka, tura maigida Turaku da wanda ya san dabba, kar ki bar wa kuku. Abin mamaki abincin karo na biyun ya fi na farko karɓuwa, don baƙinmu ba miyar kirim suke marmari ba.

Akawu:

Ni dai lissafi nake. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jikka 42 ne a wata. Mutum ya zo dare ɗaya ya ɗauki 35? Gara ku je gidan abinci ku zauna a kawo muku, ko ku yi oda a kawo cikin kula.

Mai Girkin Biki, Talaje:

Malam Akawu, da izininka, ni sana'ata ke nan, bari in ba ka lissafin daga ɗaya gefen. Wanda ka ce dare ɗaya, tun hantsi yake tsaye har sha ɗayan dare. Da yaron da zai taya shi fere-fere da wanke-wanke zai zo, shi zai biya shi. Taksi zuwa da dawowa da kaya, wani lokaci unguwar ma taksi ba ya shiga sai ka ƙara. Kuma ba kullum ake kiransa ba, sai ya yi sati biyu waya ba ta yi ƙara ba. Ke kuma Maman Biyu, mutum 15 a gidan abincin da za ki iya kai shugaban mijinki, ki tambayi kuɗin faranti ɗaya ki ninka, ki sa na lemo da ruwa, za ki dawo ki gaya mana.

Abin da muke gani a gidajen mutane kuwa sai haƙuri. A ce maka goma sha biyar, ka tarar da talatin, in abinci ya gaza sunanka ne ya ɓaci. Ka iso ka tarar pampo ba ruwa, ba a tara ko jarka ɗaya ba. Gaz ya ƙare shinkafa na tsakiyar dahuwa. Uwar gida ta tsaya maka a ka tana cewa ƙara magi, ƙara mai, bayan an tashi ta ce ba haka take so ba, a rage kuɗi. Shi ya sa ni yanzu ba na ɗaura zani sai an ba ni rabi abansi, sauran kuma kafin a fara zuba abinci.

Amma gaskiya ɗaya ce, Ɗan Ader bai yi ƙarya ba. Kukun da ya koyi aiki gidan Turawa gwani ne a abin faranti: kifi, gasasshiyar kaza, salati, kayan zaƙi. Ka ba shi tukunya mai cin tiya biyar ta dafa-duka a kan murhun itace, sai ka ga ƙasa ta kama sama bai nuna ba. Wannan namu ne mu matan biki. Tuwo da miyar kuka ko dambu kuwa kar ma a fara, ba zai yi ya kai na gida ba.

Inna:

Ƴata, tunda abokan aiki ne ba laifi. Amma ina jan kunnen masu karatu, kar wadda ta kuskura ta yi wannan ranar da dangin miji za su zo. Matar ɗan ƙanwata ta yi, uwar mijin ta taso tun daga Doso, aka jera mata abinci kala-kala. Ta ci loma biyu ta tambaya wa ya dafa, aka ce kuku. Ta janye hannu ta ce a dama mata fura. Shekara ta zagayo maganar ba ta mutu ba, wai ta zo gidan ɗanta an ba ta abincin haya. Ko tuwo ne da miyar kuɓewa, in daga hannun surukarta ya fito ya fi mata.

Sannan ƙannenki da kika ambata, ki kira su ko da kin ɗauki kukun. In suka ji an yi taro gidanki ba a neme su ba, ba za su ce kin hutar da su ba, cewa za su yi kin yi kuɗi.

Abu biyu kuma da ba wanda ya taɓo. Namiji baƙo zai wuni cikin gidanki, sai da yardar maigida, kuma a samu wani babba a gidan. Na biyu, girkin Turawa akwai miyar da ake zuba wa giya, wasu kayan zaƙin ma haka. Wanda ya saba ba zai ga komai a ciki ba, ba da mugunta ba. Ki faɗa masa da bakinki tun ranar ciniki, kuma duk kwalbar da ya shigo da ita ki karanta jikinta. Naman kuma ku saya da kanku wurin mahaucin da kuka sani.

Maman Biyu, Bobiyel:

Inna na gode, wallahi maganar giyar ko a raina ba ta zo ba. Maigidan ne ma ya fara kawo shawarar kukun, kuma ƙaninsa na gida ranar. Dangi ba sa ciki. Abin da ke damuna yanzu zafi ne, ga ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki.

Malamar Asibiti:

To nan nake jira. Watan Afrilu da Mayu a Yamai zafi na haura 40, kuma lokacin ne wuta ta fi wasa da mutane. Mu muka yi liyafar buɗe-baki bara, kukun ya haɗa salatin dankali da mayonez da ƙwai tun azahar ya sa firigo, aka ɗauke wuta har bayan magariba. Da na buɗe na ji firigon ɗumi, na ce a zubar. Ya ji haushi, ni ma na ji zafin kuɗina, amma na san abin da nake gani wurin aiki washegarin biki. Duk abin da ke da mayonez, kirim ko kifi, ko dai a haɗa shi dab da ci, ko ki sayi ƙanƙara ki cika kula tun safe. In fur ɗinki na kuran ne, a tanadi gawayi da abin gashi a tsakar gida. Kukun kirki da kansa zai tambaye ki wannan. In bai tambaya ba, ki sake tunani a kansa.

Ɗan Ader:

Mai Girki, tambaya. Sauran abinci da ragowar mai da nama, na wa ne? Namu ya naɗe sauran kajin da bai dahwa ba ya tahi da su, munka rasa bakin magana.

Mai Girkin Biki, Talaje:

Na mai gida ne, Malam, tunda kuɗinsa ne. Abin da aka ɗiba aka ba mu da hannu shi ne namu, kuma gidan mutunci ba sa barin mai girki ya fita hannu sake. Amma a faɗe shi ranar ciniki, tare da wanke-wanke da wanda zai zuba wa baƙi, don wasu kukun da sun sauke tukunya sun gama.

Maman Biyu, ga yadda zan yi in ni ce ke. Ki taya shi 30, in ya tsaya kan 35 da yaronsa da wanke-wanke a ciki, ki ba shi. Ki ce masa mutum 20. Shi ya yi kifi da kaji da salati da abin zaƙi na tebur. Ƙannenki biyu su zo da rana su ɗora babbar tukunyar dafa-duka a waje, ita ce ta direbobi da mai gadi da maƙwabta da duk wanda Allah ya kawo, in kuma da hali su turara dambu, mutanen Abijan ɗin nan za ki ga shi za su fi tambaya. Ki nemi lambar gida ɗaya da ya taɓa yi wa aiki ki kira ki ji. Kuma ki cika buteli na biyu tun ranar Alhamis, don Asabar da yamma ba lallai ki samu gaz a unguwa ba.