Zazzaɓin ɗana ya ƙi sauka, in ƙara masa ibuprofen?

Maman Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ɗana ɗan shekara biyu ke zazzaɓi tun shekaranjiya da muka dawo biki daga Bukuru cikin sanyin nan. Babansa ya yi tafiya, surukata kuma ta ce haƙori ne kawai. Ina ba shi paracetamol cokali ɗaya da maganin mura, zafin ya sauka ya sake dawowa. Mai kemis ya ba ni ibuprofen. In haɗa masa?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kilo nawa ne shi? Da nauyi ake auna wa yaro magani. Paracetamol miligiram 15 ne ga kowane kilo. In kilo 12 ne, mililita 7.5 ke nan na ruwan da aka rubuta wa 120mg/5ml, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Ki ajiye cokali, ki nemi sirinji mai lamba. Sannan ki juya kwalbar maganin murar ki karanta, da yawansu akwai paracetamol a ciki, sai a ninka wa yaro ba a sani ba, hanta ta sha wahala.

Baban Ummi: Ibuprofen ya fi jimawa a jiki. Mililita 5 na 100mg/5ml bayan ya ci abinci, duk awa 8. Abin haushi, wasu masu kemis ko nauyin yaro ba sa tambaya.

Anti Nas: Baban Ummi, ba mu san ko yana amai ko gudawa ba. In ruwan jikinsa ya ragu, ibuprofen na iya taɓa ƙoda. Zazzaɓin kwana uku kuma gwajin maleriya yake buƙata, magungunan nan zafi kawai suke saukarwa.

Maman Biyu: Banda aspirin ga yaro, banda jiƙe-jiƙen haƙori. A 2008 maganin haƙori na My Pikin ya hallaka yara da dama a ƙasar nan. Ki riƙa duba lambar NAFDAC.

Maman Sadiq: Anti, cokalin nan da shi na raini yayyensa uku. Aman ma sau ɗaya ya yi. Bari dai babansa ya dawo.

Anti Nas: In ya fara jijjiga, ko ya ƙi shan komai, ko wuyansa ya sanƙare, kada ki jira kowa. Kuma har yanzu ba ki faɗi nauyinsa ba.

Maman Sadiq: Ban auna ba. To ibuprofen ɗin fa, in ba shi ko a'a?