Allurar maleriya: rigakafi ce, ko gwaji ake yi da 'ya'yanmu?

Alhaji Mai Goro (Garwa): Assalamu alaikum jama'a. Jiya surukata ta dawo daga awo da jikana, wai an ce ya cika wata shida, za a yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro. Na ce a dakata tukuna. Ni abin da na ji, kuma hankalina ya ɗauka, wannan allura gwaji ce ake yi da 'ya'yan baƙar fata. Turawan da suka haɗa ta ba sa yi wa nasu. Kuma duk faɗin duniya sai Kamaru aka fara kawo wa? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san wani abu ya faɗa, amma ban da zagi.

Maman 'Yan Biyu (Garwa): Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Nawa an yi musu sau uku, ban ga komai ba sai ɗan zafin jiki na kwana ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Ɗan maƙwabciyata an yi masa, damina na sauka ya kwanta da maleriya, har da ƙarin ruwa. To ina amfaninta?

Direban Kusseri: Alhaji ka faɗi abin da ke bakina. Maganin ciwon kai ma sai ka ciro sefa, amma allura har ƙofar gida kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Malama Nas (Garwa): Baba Alhaji, barka da yamma. Bari in fara da maganar "Kamaru aka fara". Gaskiya ne ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta sa allurar cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, aka yi bikin farawa a garin Soa kusa da Yaunde, aka raba ta a gundumomin lafiya 42. Amma lokacin an riga an gama gwaji da daɗewa. Babban gwajin an yi shi daga 2009 zuwa 2014, da yara sama da 15,000 a ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Gabon, Gana, Kenya, Malawi, Mozambik da Tanzaniya. Bayan haka daga 2019 aka yi ta yi wa yara a Gana da Kenya da Malawi ana bin sawunsu, har suka haura miliyan biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021. Mu dai mun zo ne bayan an dafa an sauke. Batun 'ya'yan Turawa kuma, Baba, maleriya ba ta yawo a ƙasashensu yanzu, me za su kare? Ta ƙyanda da ta shan-inna da ta tarin shiƙa ai suna yi wa nasu kamar yadda muke yi.

Alhaji Mai Goro: 'Yata, kin ce an gwada a Gana da Burkina. Su ba baƙar fata ba ne? Kin ga maganata ta fito ke nan.

Malama Nas: To Baba, a ina za a gwada maganin maleriya in ba inda maleriya take ba? In aka gwada a Faransa, wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba duk lafiya lau za su zauna, ba abin da za a gano.

Ɗalibi (Ngaundere): Da izinin manya. Anti Nas, kada mu nuna kamar tsoron su Baba ba shi da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da aka sa yara kusan 200 a ciki. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, iyaye da yawa suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yawancinmu nan muna da dangi a Kano, labarin ya shigo gidajenmu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuma ita kanta wannan allurar ta maleriya, a babban gwajin nan an ga alamun da suka tayar da hankalin masu binciken: sanƙarau ya ɗan fi yawa cikin yaran da aka yi wa, kuma mace-macen yara mata ya fi na waɗanda ba a yi wa ba. Wannan a rubuce yake, ba jita-jita ba ce.

Direban Kusseri: To kun ji! Ɗan boko ma ya faɗa.

Ɗalibi: Kawu ka bari in ƙarasa mana.

Malama Nas: Bari in ƙarasa maka, ƙanena, don ka faɗi gaskiya. Waɗannan alamu su ne dalilin da ya sa ba a saki allurar ba a 2015, duk da hukumar magunguna ta Turai ta ce ta gamsu da ita a shekarar. Aka ce a'a, sai an duba ko allurar ce ke jawo su ko kuwa dacewa ce kawai, domin yaran da abin ya shafa ba su da yawa. Shi ya sa aka yi shirin Gana da Kenya da Malawi, aka zuba ido musamman a kan abu uku: sanƙarau, maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, da mutuwar yara mata. Da yara suka yi yawa, ba a ga ko ɗaya ya ƙaru ba. Abin da aka gani shi ne mutuwar yaran da suka isa a yi musu allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100, mazansu da matansu. Illar da aka tabbatar kuma ba mu ɓoye ta: zafin jiki, kumburi a wurin allura, wani yaron kuma zafin kan sa shi jijjiga ta ɗan lokaci, ya warware. In uwa ta ga haka ta kawo shi, kada ta zauna a gida.

Ɗalibi: Haka ne. Abin da nake so in ce ke nan kafin Kawu ya tare ni. Saura guda: mujallar likitoci ta BMJ ta soki shirin a 2020, cewa ba a nemi amincewar iyaye a rubuce ba. Ni har yanzu ina ganin sukar tana da ƙarfi. Lafiyar allura abu ɗaya ne, girmama iyaye abu ne daban.

Malamin Lissafi (Marwa): Ni tambayar Maman 'Yan Biyu ce ta fi jan hankalina, kowa ya tsallake ta. Hajiya, allurar nan ba katanga ba ce, ba wanda ya ce in an yi wa yaro ya gama da maleriya. A babban gwajin, yaran da suka sami allura huɗu, yawan kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a tsawon shekara huɗu. In ka kwatanta da ta ƙyanda, wadda allura biyu ke kare kusan kashi 97, sai ka ce wannan ai wasa ne. Amma ku yi lissafin da ni. Ƙyanda sau ɗaya take kama mutum a rayuwa. Maleriya kuwa yaro ɗaya sai ta kayar da shi sau biyu, sau uku a damina guda, baɗi ta dawo. Saboda haka masu gwajin suka ƙirga cewa cikin kowane yara 1,000 an kauce wa kwanciya 1,774. Kwanciyar da aka hana ta fi yaran yawa. Ku tuna cutar nan tana kashe mutum kusan 600,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kashi ɗaya cikin uku na babban abu ai babba ne. Ɗan maƙwabciyarki ya kwanta sau ɗaya, kin gani. Kwanciyar da bai yi ba ita ce ba mai iya nuna miki, shi ya sa aikin rigakafi ba ya samun godiya.

Maman 'Yan Biyu: Malam na gane. Wato ragi ne, ba kariya gaba ɗaya ba. To me ya sa ranar awo ba a faɗa mana haka? Cewa kawai ake yi ku kawo yara.

Malama Nas: Wannan laifinmu ne, na karɓa. Ranar awo mata sun fi hamsin a kan benci, mu biyu, bayani sai ya gajarce. Kuma ga abin da ya fi shafar mu 'yan Arewa. Kun san ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata in damina ta kama. An yi bincike a Burkina Faso da Mali da yara kusan 6,000, aka buga a 2021. Waɗanda aka haɗa musu allura da ƙwayoyin, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 60 a kan waɗanda suka sha ƙwaya kaɗai, kwanciya asibiti da maleriya mai tsanani da mutuwa kuma suka ragu da kusan kashi 70. Yanayinsu irin namu ne, sauro na damina. Don haka allura, ƙwaya, gidan sauro, duka uku.

Direban Kusseri: Ku bar lissafi. Ni ina ɗaukar mutane zuwa Njamena kullum. A ƙarshen 2012 an yi allurar sanƙarau a Guro, can arewacin Chadi, yara suka riƙa faɗuwa suna karkarwa, har aka kwaso su zuwa Njamena. Wannan ma dacewa ce?

Malamin Lissafi: Abin ya faru, Kawu, ba mai musu. Ƙwararrun da aka turo sun bincika, suka ce ba su sami matsala a allurar ba, ba su kuma sami wata cutar jijiya a jikin yaran ba, firgici ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Irin haka ta taɓa faruwa a nan gida: a 1990 'yan mata a makarantun Arewa maso Yamma sun riƙa dira ta taga suna gudun allurar tetanus, don an ce tana hana haihuwa. Amma tunda ka kawo Chadi, bari in ba ka ɗaya gefen. A Disambar 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 wannan allurar ta sanƙarau a Njamena da Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Da bazara ta zo, sanƙarau a waɗannan yankuna ya ragu da kashi 94 cikin 100 a kan inda ba a yi ba. Kai da kake kan hanya, yaushe rabon ka ga irin bazarar da, ana tsugunar da marasa lafiya a ƙarƙashin bishiya wuya a sandare?

Direban Kusseri: Wannan kam an daɗe. Amma na Guro ban gamsu ba. Duk abin da ya faru sai a ce tsoro ne.

Liman (Garwa): Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ne, abu biyu kawai zan ce. Alhaji, da za ka sauke farali, Saudiyya ba ta ce sai da katin allurar sanƙarau ba? Ka miƙa hannu, ban ji ka ce gwaji ba. Na biyu, Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Neman kariya bai saɓa wa tawakkali ba. Sai dai kuma uba yana da haƙƙin a yi masa bayani har ya gamsu, ba a yi masa tsawa ba.

Alhaji Mai Goro: Allah gafarta Malam, ka kama ni a nan, har lambar agana tana nan a dantsena tun muna yara. Amma ni babba ne, na miƙa hannuna da kaina. Jariri fa?

Ɗalibi: Baba, Kano ta taɓa tsayawa a wannan gaɓar. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a can saboda zargin yana hana haihuwa. Aka yi gwaje-gwaje, aka koma yi a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Sanadin wannan tsaiko cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin, har da Kamaru da Chadi. Yaran da aka ɗiga wa a lokacin su ne sa'o'ina, ga su nan da goyo. Sai a Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan-inna ta asali.

Direban Kusseri: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar kyauta.

Malama Nas: Kawu, ba kyauta ba ce, wani ne ya biya. Ƙungiyar Gavi, mai tallafa wa rigakafi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, gwamnati ta ƙara nata. Kuma a doka maganin maleriya ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Kamaru.

Maman 'Yan Biyu: A doka kam. Ni bara na kai ɗaya cikin 'yan biyun wani asibiti da dare, aka ce maganin ya ƙare, aka rubuta mini in sayo a waje. Sai da na kira babansu ya ranto kuɗi. Ranar da kuka gyara wannan, wallahi ba sai kun roƙi kowa ya kawo yaro allura ba.

Malama Nas: Ba zan musa miki ba, Yaya.

Alhaji Mai Goro: To na ji kowa. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce a'a ba. 'Yata Nas, ranar awo mai zuwa da kaina zan zo da uwar yaron, ki nuna mini kwalbar in ga sunan da ranar lalacewarta, ki kuma sake faɗa mini maganar 'ya'ya matan nan baki da baki, don akwai wata jikar tafe.

Malama Nas: Ina jiranka Baba. Ku taho da katin yaron.

Maman 'Yan Biyu: Anti Nas, kafin ki tafi. Ƙanwata ta yi tafiya ƙauye, ɗanta ya tsallake ta uku da wata biyu. Sai an sake daga farko?

Malama Nas: A'a, ba a sakewa. Ta kawo shi a ɗora daga inda aka tsaya. Ki ce mata kuma kada ta manta da ta huɗu, ita ce mata suka fi mantawa don tana da nisa.