Littafin ɗan jarida mai binciken kisa, da rigimar kalmar "ƙauye"

Marubuciya daga Kano: Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta. Shekara biyu na kwashe ina rubuta littafi a kan wani ɗan jarida da gidan rediyonsu ya tura mahaifarsa domin ya bi sawun kisan mutum uku da aka yi cikin damina ɗaya. Da na kai wa wani mai buga littattafai, ko babi na biyu bai gama ba ya mayar mini da abina, wai Bahaushe ba ya sa kuɗinsa a littafin da babu kishiya ko ɗaurin aure a ciki. Ni kuwa na ce wannan raina mai karatu ne, domin mutanen da suke kasa kunne su ji wanda aka kama da wanda aka gurfanar a shirin Inda Ranka na rediyon Freedom ba za a ce ba sa son labarin bincike ba. Wurin da na ƙirƙira wani ƙauye ne kamar Malumfashi, mai kasuwa da caji ofis da babban asibiti. Shin ni ce na yi kuskure, ko shi?

Malamin makaranta daga Katsina: Wa'alaikumus salam. Hajiya, kafin mu kai ga mai buga littafi, ina roƙon ki janye kalmar ƙauye. Malumfashi hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma nan ne mazaunin Galadiman Katsina. Wanda zai rubuta littafin bincike, aikin da duk ginshiƙinsa shi ne lura da ƙananan abubuwa, bai kamata ya kasa bambance gari da ƙauye tun a shafin farko ba.

Ɗalibin nazarin Hausa: Malam yana da gaskiya, kuma maganar ta wuce ta suna kawai. Hausa tana da birni, da alƙarya, da gari, da ƙauye, da tunga, kuma kowanne da irin shugabancinsa. Inda akwai hakimi da alƙali da caji ofis, gawa tana iya kaiwa gaban hukuma. Inda dagaci ko mai unguwa ne kaɗai, magana takan mutu a zaure. Saboda haka, Yaya, idan ƙauye kike nufi, babban asibitin nan ba shi da gurbi a labarinki, idan kuma gari ne, to, a kira shi gari.

Mai sayar da littattafai a Kano: Haba jama'a, ai tun kaka da kakanni aka ce garin da ba Kano ba dajin Allah, don haka Hajiya ma sassautawa ta yi da ta ce ƙauye. Ni da nake zaune da littattafai a gabana kullum, na san cewa mai saye ba ya tambayar ko hakimi ne ko dagaci a cikin labari.

Malamin makaranta daga Katsina: Alhaji, idan wasa kake yi, wurin bai dace ba, idan kuma da gaske kake, to, ka tuna cewa Abubakar Imam yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. Dajin Allah ne ya ba ku abin da kuka fara karantawa.

Tsohon wakilin rediyo: Ku yi mini haƙuri in sa baki, domin na yi shekaru ina aiko da rahoto daga irin waɗannan garuruwa. 'Yata, abin da ya kamata ki duba ba sunan wurin ba ne, yadda mutuwa take tafiya a wurin ne. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kuma da wuya dangi su yarda likita ya taɓa gawa. Ɗan jaridarki zai iso ne ya tarar ana zaman makoki, ba abin da ya rage masa sai bakin mutane: wanda ya yi wankan gawa ya ga rauni a ƙeya, ɗan banga da ya ga fitilar babur da tsakar dare, mai shayi da ya san wanda bai zo hira ba a daren. A ƙaramin gari sau da yawa ba a rasa wanda ya san mai laifi, wanda zai faɗa ake rasawa, domin wanda ake zargi surukin wani ne, kuma dattawa sun riga sun fara maganar sulhu. Ga shi kuma ɗan jaridar ɗan gari ne, mahaifiyarsa tana cikin garin, kowace tambaya ya yi a kasuwa kafin magariba ta isa kunnenta. Marubucin nan na ƙasar Suwidin, Stieg Larsson, wanda shi kansa ɗan jarida ne kuma ya rasu a 2004 kafin littafinsa na ƙagaggen labari na farko ya fito a 2005, ya jingina binciken da ke cikin labarin ne da tsofaffin hotuna da takardun ajiya. Ke kuwa ba ki da wannan gatan, dole ki gina naki a kan tsegumi da kunya da tsoro.

Ɗalibin nazarin Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka ga kai ma "ƙaramin gari" ka ce, ba ka ce ƙauye ba. Wannan ya tabbatar da abin da muke faɗa.

Mai sayar da littattafai a Kano: Ƙaramin gari ai ƙauye ne da ya samu wutar lantarki. Kuma maganar da Baba ya yi ta tsoro, a ina aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ambulan ranar 19 ga Oktoba, 1986? A Ikeja ne, cikin Legas. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels kuma a nan Kano aka harbe shi ranar 20 ga Janairu, 2012. Haɗarin aikin jarida a birni yake, don haka ma a birni ya kamata a ajiye labarin.

Malamin makaranta daga Katsina: Ikon Allah, yanzu har da wannan ma Kano za ta yi tutiya?

Marubuciya daga Kano: Malamai, tambayata ita ce ko mai karatun Hausa zai sayi irin wannan littafi, kuma ban da Baba babu wanda ya ko kusanci labarin. Malumfashi misali ce kawai na kawo, ban taɓa zuwa garin ba ma.

Malamin makaranta daga Katsina: To, ai kin ji inda gizo yake saƙar, Hajiya. Ki je tukuna.

Shugaban zaure, daga Zariya: Dare ya yi, zan rufe wannan magana. Abin da na fahimta shi ne, kusan kowa ya amince cewa kalmar ƙauye kuskure ce, kuma Alhaji bai kawo hujja ba sai kirarin garinsu, abin da muka saba gani daga Kanawa. Ina kuma gyara wa Malam cewa ko da Imam a Katsina ya riƙe alƙalami, a Zariya Baturen nan Rupert East ya shirya gasar, kuma a Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Imam a kujerar edita, don haka haɗuwar aikin jarida da ƙagaggen labari a Hausa a nan ta fara. Hajiya ta gyara kalmar, ta sauya misalin garin da wani daga ƙasar Zazzau, kamar Soba ko Maƙarfi, sannan ta turo mana babin farko ranar Asabar.