Masauki da wurin cin abinci a York da Whitby: shawarwarin 'yan zaure

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wasu iyali ne za su zo daga Kano bikin kammala karatun ɗansu a York ta ƙasar Ingila, mutum biyar, har da dattijuwa da yara biyu. Kwana uku za su yi, suna kuma son leƙa bakin teku a Whitby. Ana neman shawara kan masauki, inda za a ci abinci hankali kwance, da kantunan kayan girki. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Maman Sadiq: Wa alaikumus salam Baban Nana. A fara da masauki, don shi ne ke saurin ƙarewa a makon bikin jami'a, haka ma ranakun sukuwar dawaki a Knavesmire. Ƙananan gidajen baƙi masu ba da ɗaki da karin kumallo sun fi yawa a unguwar Bootham da wajen Bishopthorpe Road, duka ana takawa da ƙafa zuwa tsakiyar gari. Amma fa tsofaffin gidaje ne masu hawa biyu ko uku, babu lif, matakalar kuma siririya ce a miƙe. Tunda akwai dattijuwa, a buga waya a nemi ɗakin ƙasa kafin a biya, kada a tsaya kan abin da aka gani a manhaja. A kuma duba cewa an rubuta "en suite", wato banɗaki a cikin ɗakin. Wanda ba a rubuta ba, sau da yawa banɗakin na waje ne, wani lokacin ma haɗaka ake yi da sauran baƙi.

Gidan baƙi ba otal ba ne, babu mai gadin dare. Mata da miji ne yawanci ke riƙe da shi, suna karɓar baƙi daga ƙarfe 3 ko 4 na yamma zuwa wajen 8 na dare. In jirgin ƙasa zai makara, a sanar da su su ajiye makulli a ɗan akwatin sirri na bakin ƙofa. Fita kuma ƙarfe 10 ko 11 na safe. Ɗakin da aka kama na mutum biyu, mutum biyu ne za su kwana, ko da na ukun yaro ne da zai kwanta a ƙasa. Sharaɗin inshora da na kashe gobara ne a kansu, ba za su ɗaga ƙafa ba.

Injiniya Bala: Hajiya ta gama magana. Abu uku zan ƙara da ke jawo wa mutanenmu tara.

Na ɗaya alwala. Banɗakin gidajen nan ba shi da magudana a ƙasa, daɓen katako ne aka rufe da leda ko tayil. Ruwan da ya zuba yana bi ta gefe ya ɓullo a silin ɗakin da ke ƙasa. A wanke ƙafa a cikin bahon wanka ko wurin shawa, a shimfiɗa tawul a bakinsa. A taho da buta, ba za a tarar da ita ba.

Na biyu turaren wuta. Kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a sama, kuma a haɗe take da ƙararrawar gidan gaba ɗaya. Garwashi ɗaya ya isa ya fito da kowa waje cikin dare. Rufe na'urar da leda ko safa ma laifi ne babba. A taho da humra ko turaren fesawa kawai.

Na uku shawa mai lantarki. In an murɗa ba ruwan zafi, a duba igiyar da ke reto daga silin ko makunnin da ke wajen ƙofa, a ja har ɗan jan haske ya kama. Soket kuwa mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, caja za ta shiga. Wanda ya zo daga Yamai ko Damagaram da mai ƙafa biyu zagayayyu shi ne zai nemi mahaɗi.

Anti Rabi: Ni a ganina mutum biyar har da dattijuwa, gara su kama gida sukutum mai kicin. Gidan baƙi ba a girki, butar lantarki ce kawai da ganyen shayi da ɗan biskit. Tsohuwa ba za ta jure burodi da cuku kwana uku ba.

Hajiya Maman Sadiq: Gaskiya ne Anti, in kuɗin ya kai. In kuma gidan baƙin aka zauna, a kula da karin kumallo. Wanda suke kira "full English" akwai naman alade iri biyu a ciki, yankakke da tsiran, sannan akwai wani baƙin abu zagayayye, "black pudding", wanda da jini ake yinsa. A nemi na masu ƙin nama: ƙwai, wake cikin miyar tumatir, tsiron nan da suke kira "mushroom", gasasshen tumatir da burodi. Tambayar da za a yi ita ce ko kasko ɗaya ake soya komai. In ɗaya ne, a ce a kawo dafaffen ƙwai ko wanda aka fasa a tafasasshen ruwa, da gasasshen burodi, a bar soyayyen burodi domin a man da ya fita daga naman ake soya shi a wurare da yawa. A faɗa musu tun da daddare, galibi suna da 'yar takardar da ake cikewa.

Baban Nana: Madalla. To abincin rana da na dare fa?

Dakta Umaru: Nan ne lokaci ke cin mutane. Gidajen shayi na ƙananan garuruwan Ingila suna rufewa ƙarfe 4 ko 5 na yamma, wasu ma sun daina ba da abinci mai zafi tun 3. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a York sai bayan 9 da rabi, sai baƙo ya ga gari da haske ya ɗauka da sauran lokaci, ya fito ya tarar an kulle ko'ina. A ci babban abinci tsakanin 12 da 2.

Gidan shayin da ya fi suna shi ne Bettys a dandalin St Helen's. Asalinsa Harrogate ne, wani ɗan Suwizalan ya buɗe shi a 1919. Layi ake yi a waje, ya fi sauƙi da sassafe ko dab da rufewa. Abin da ya dace da mu a irin wuraren nan shi ne "cream tea": butar shayi, da ɗan dunƙulen burodi mai zaƙi da ake kira "scone", da jam, da kirim mai kauri. A tambaya kafin a taɓa kek mai busassun 'ya'yan itace, da kayan zaƙin da ake kira "trifle" da tiramisu, domin sau da yawa ana jiƙa su da barasa. Alewa mai danƙo da jeli kuma a duba ko akwai gelatin, sinadarin da ake yi daga fata da ƙashin dabba.

A ƙofar wuri a duba kore da baƙin tambarin tsafta mai lamba 0 zuwa 5 na hukumar Food Standards Agency. A Ingila ba dole ba ne a manna shi, saboda haka wanda ya ci 5 yakan manna, wanda ya ci 1 yakan ɓoye. Ana iya bincika sunan wurin a shafin hukumar. In an tambaye ku a nan za ku ci ko tafiya za ku yi da shi, saboda haraji ne: abinci mai sanyi da aka fita da shi babu VAT, wanda aka zauna aka ci akwai kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa ake ganin farashi biyu.

Yaya Sale: Bayan ƙarfe 5 a ƙauyukan da ke kan hanyar Whitby, mashaya ce kaɗai ke da kicin a buɗe, shi ma zuwa 8 ko 9. Ya kamata su san yadda wurin yake. Ba a zama a jira sabis. A samu tebur, a duba lambarsa, mutum ɗaya ya je kanta ya faɗi abin da ake so ya biya nan take. Duk wurin da ke da lasisin sayar da giya, doka ta wajabta masa ba da ruwan famfo kyauta in an nema. Yaro ƙasa da shekara 16 sai da babba, kuma wurare da yawa suna son yara su fita wajen 9 na dare.

Malam Habibu: Yaya Sale, a yi haƙuri, ni ba zan ba dattijuwa da yara shawarar shiga mashaya ba. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake shan giya a kai, kuma a York babu larurar da ta kai ga haka. Akwai gidajen abincin Turkawa da na mutanen Indiya da Pakistan a gari. Masallacin York yana Bull Lane, kusa da Lawrence Street, in an je salla a tambayi jama'a inda suke sayen nama, su suka fi kowa sanin wanda aka amince da shi a yanzu. Rubutun halal a gilashi kowa na iya yi. A nemi takardar shaida, ta HMC ko ta HFA, ƙungiyoyi biyu masu tantance halal. Bambancinsu shi ne HMC ba ta karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka, kowa sai ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

Yaya Sale: Na karɓa Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma sunayen ya kamata su riƙe, don suna fitowa a gidajen abinci na yau da kullum ma. "Gammon" da "ham" da "crackling" duk alade ne. "Scotch egg" ƙwai ne da aka naɗe da niƙaƙƙen naman alade. "Steak and ale pie" da giya ake dafa namansa. Romon da ake zubawa kan gasasshen naman ranar Lahadi wani lokaci da jar giyar inabi ake haɗa shi. A ɓangaren sha, "cider" giyar tuffa ce, "shandy" giya ce da aka sirka da lemo, "ginger beer" kuma yawancinsa lemon citta ne amma akwai mai barasa, a karanta kwalbar. Kuma wanda zai kama ɗaki a wurin da sunansa ya ƙare da "Inn" ko "Arms" ya bincika, galibi ɗakunan saman mashaya ne, hayaniya har 11 na dare ko fiye, ga karnuka a falo.

Anti Rabi: Whitby kuwa kifi ne abincinsu, ya yi mana daidai, sai dai tambaya biyu. A Yorkshire, yankin da York da Whitby suke, shaguna da yawa da kitsen sa suke soya kifi da dankali, ba da man girki ba, san kuwa ba yankan Musulmi ba ne. Sannan kwaɓin fulawar da ake tsoma kifin, wasu da giya suke dama shi don ya yi ƙarau. A tambayi duka biyun, za su faɗi gaskiya, sun saba da tambayar. In da kitse ne, a nemi gasasshen kifi da dafaffen dankali. Magpie Cafe a Pier Road shi ya fi layi, amma shagunan kifi sun cika bakin tashar jiragen ruwa. A Henrietta Street akwai Fortune's, masu bandar kifi tun 1872, suna sayarwa da safe kuma in ya ƙare sun rufe. Kifin yana da gishiri sosai, a jiƙa shi a ruwan zafi minti biyar kafin a sa a miya. Kada a ba yara abinci a hannu a bakin ruwa, tsuntsayen teku suna fizgewa. Tsohuwar majami'ar da ke kan dutse matakala 199 ce, dattijuwa ta hau tasi ta zagaya ta bayan gari. Bas ɗin Coastliner lamba 840 na zuwa Whitby daga York ta Malton da Pickering, ba shi da yawa a rana, a duba lokacin na ƙarshen dawowa kafin a tashi.

Alhaji Ɗanlami: Maganar kuɗi, don Allah a isar musu kafin su je Wapa canji. Takardun fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun 30 ga Satumba 2022, na roba kawai ake karɓa. Na roba mai hoton Sarauniya Elizabeth yana nan daram tare da mai hoton Sarki Charles. Ƙananan shaguna ba sa son fam 50 ko da sabuwa ce, a nemi 10 da 20. Wasu gidajen shayin ma kati kawai suke karɓa, to ɗan nasu ya riƙe katinsa a kusa. A gidan abinci a duba ƙasan rasit, in an riga an ƙara kuɗin hidima kashi 10 ko 12.5 cikin ɗari, ba sai an sake bayar da komai ba.

Kilishi, dambun nama da man shanu kada su sako a jaka. An hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji ba sa cikin wannan hanin, a rufe su da kyau a rubuta sunansu.

Hajiya Maman Sadiq: Kayan tuwo kuma ba sai an wahala ba. A kowane babban kanti akwai "pudding rice", gajeriyar shinkafa mai danƙo, ita ce ke tuƙuwa. Gwangwani ɗaya a ba shi ruwa uku, a dafa da ƙaramar wuta har ta yi lugub sannan a tuƙa. Basmati ba ta kamawa. A shagon 'yan Indiya da Pakistan garin gero sunansa "bajri", na dawa "juwar", tsamiya "imli". Manja, doya da attaruhu sai shagon 'yan Afirka, kuma Leeds ta fi York su nesa ba kusa ba, kasuwar Kirkgate ko unguwar Harehills, ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Kirkgate ba ta ci ranar Lahadi.

Injiniya Bala: Lahadin nan a kiyaye ta. Dokar 1994 ta ce kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 280 awa shida kawai zai buɗe, shi ya sa manyan ke rufewa 4 ko 5 na yamma. Ƙananan irin Tesco Express, Sainsbury's Local da Co-op na unguwa suna kaiwa 10 ko 11 na dare, amma sun fi tsada kuma da wuya a samu naman halal a ciki. In Lahadi za su sauka, ɗan ya yi cefane tun Asabar ya ajiye a firij. Ya riƙe jakar cefane kuma, ledar kanti sayenta ake yi.

Baban Nana: Na tura musu duka. Sun ce gida mai kicin za su kama. Ko akwai abin dubawa kafin a biya?

Anti Rabi: A tambayi hawa na nawa ne, ko akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, da kuma ko suna karɓar karnuka, saboda kafet da wurin salla. Murhun in na "induction" ne, tukunyar alminiyam ta gida ba za ta yi zafi a kai ba, sai wadda maganaɗisu ke kamawa, a yi amfani da nasu bayan an wanke. A ɗauki hoton duk abin da aka tarar a fashe ranar shiga a tura wa mai gidan, don kada a cire a kuɗin ajiya.