Muhawara: in intanet ya kai gudun da ake faɗa, faifan fim ya gama yayi ke nan?

Injiniya Auwal, Tumfure: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na tsaya a kanta: faifan fim ya gama yayi, kuma memori da filashi ma suna kan hanyar bin sa. Hujjata lissafi ce. Megabit 8 ne ke ba da megabait 1, don haka layin faiba, wato igiyar da ke kai intanet ta hanyar haske, mai gigabit 1 yana sauke megabait 125 a kowane sakan. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, ke nan cikin sakan 38 ka sauke duk abin da ke cikinsa. Blu-ray na 4K mai gigabait 66 bai kai minti 9 ba. Kuma wannan somin taɓi ne. A 2025 masu bincike na cibiyar NICT a Japan sun tura fetabit 1.02, wato fiye da gigabit miliyan ɗaya, a sakan ta igiyar faiba mai ƙwaya 19, a nisan kilomita 1,808. Wato abin da ya haura faifai 1,200 masu gigabait 100 a sakan guda. Masu sana'ar da kansu sun fara tattara komatsansu. Netflix ya daina aika wa mutane DVD ta gidan waya a Satumbar 2023, shagunan Best Buy na Amurka sun daina sayar da faifan fim a farkon 2024, Sony kuma ya daina yin faifan Blu-ray da ake ɗaukar abu a kai a Fabrairun 2025. A nan gida ma kowa ya ga yadda kasuwar faifan fim ɗin Hausa ta ruguje, fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube.

Lamara, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Hamma Auwal, batun faifai ba na musu da kai, a babbar kasuwar Gombe ma sai ka sha yawo kafin ka samu. Amma da ka haɗa da memori, a nan muka rabu. Gudun layi daban, kuɗin data daban. Faɗin bututu ba ya ƙara ruwan da ke cikin tanki, saurin ƙarar da shi yake yi. Netflix da kansa ya ce kallon HD yana iya cin gigabait 3 a awa, 4K kuma har 7. Fim ɗin awa biyu a 4K gigabait 14 ke nan, datar da wani zai yi wata guda yana lallaɓawa. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Abin da ke faruwa a shagon turi shi ne mutum ɗaya ya sayi data ya sauke fim sau ɗaya, a matse shi ya koma megabait 300 zuwa 500, sannan a tura wa mutum ɗari. Memori mai gigabait 32 yana ɗaukar fim wajen 70 a wannan girman. Matar da ke Nafada ko cikin ƙauyukan Dukku za ta kalla sau goma, ta tura wa maƙwabciyarta ta Xender, ba a taɓa mata ko megabait ɗaya ba. Saurin intanet ma taimakon mai turi yake yi, domin abin da yake kwana yana saukewa yanzu kafin azahar ya gama.

Bappa Buba, Bolari: Lamara ɗana, ka yi gaskiya. Zan ƙara wa Injiniya wata hujjar da bai kawo ba, don kada a ce masu gyaran na'ura son kai ne ya sa muke kare faifai. Ƙasarmu ba ta yi wa faifai daɗi ba tun asali. Ƙurar hunturu tana kwantawa a kan idon lesa, na'ura ta riƙa rubuta babu faifai alhali yana ciki. Ɗan bel ɗin da ke fitar da tire yana saki saboda zafi. Motar da ke juya faifan tana gajiya, hoto ya riƙa tsayawa a ƙarshen fim. Sannan faifai iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, cikinsa fari kamar azurfa, wannan yana daɗewa in an adana shi. Akwai wanda aka ƙona a kwamfuta, in DVD ne za ka ga cikinsa ruwan shuni, domin rini ne ke riƙe da bayanan, rana da zafi kuma suna cinye rinin a hankali. Ka bar irin wannan a gaban mota wuni guda a watan Afrilu, ka gama da shi. Wani abin da mutane ba su sani ba: a VCD bayanan suna dab da gefen da aka yi rubutu ne, ƙarzanewar saman ta fi ta ƙasan illa. DVD kuwa falle biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya, in ka yawaita lanƙwasa shi wajen cirewa daga kwali mannin yana buɗewa daga ramin tsakiya.

Adda Rabi, Pantami: Bappa, Allah ya ƙara girma. Ni ta ɓangaren tace fim zan shigo. Injiniya, layi mai gigabit ba ya nufin hoton da ke zuwa maka ya kai na faifai. Netflix megabit 15 kawai yake nema don 4K. Faifan Blu-ray na 4K kuwa sau da yawa yana zuba megabit 50 zuwa 80, yana iya haura 100. Dukkansu sunansu 4K, amma ɗaya an matse shi ninki huɗu ko biyar. Ba layinka ne ya gaza ba, kamfanin ne ba zai iya aika wa miliyoyin mutane fim mai gigabait 54 kowanne ba. Ka duba fitowar dare a YouTube, inda jaruma ke zaune a tsakar gida da fitila ɗaya. Duhun da ke bayanta yana farfashewa ya zama 'yan murabba'ai, zanen atamfa yana narkewa in ta motsa. Mai tacewa ya kwana yana daidaita launin nan, matsi ya shafe shi.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. YouTube yana rufe tasha in ta samu gargaɗin haƙƙin mallaka uku, da duk abin da ke cikinta. Furodusan da ya goge asalin aikinsa daga hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta (hard disk), don ya samu wurin sabon aiki, yana ganin ai yana kan YouTube, ranar da aka rufe tashar ko aka sace ta ba shi da komai. Ko ya sake saukewa kafin nan, matsattsen kwafi zai samu.

Injiniya Auwal, Tumfure: Adda, na karɓi batun matsi, amma wannan giɓin raguwa yake yi. Tsarin matsi na H.265 yana ba da hoto kusan daidai da na H.264 a kusan rabin girma, AV1 kuma ya ƙara ragewa. Sannan yawancin masu kallonmu a waya mai inci 6 suke kallo, bambancin megabit 15 da 60 ba ya fitowa a nan. Lamara, kai ma ka lura: faibar gida galibi da kuɗin wata ake biya, ba da gigabait ba. Ranar da ta shiga unguwanni, lissafinka ya canza. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, Starlink kuma, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, yana aiki a Najeriya tun Janairun 2023, ba ruwansa da haƙa rami.

Lamara, Jekadafari: Hamma, kai ne mai aikin, faɗa wa jama'a gaskiya. Gigabit ɗin nan yana isa wayar mutum?

Injiniya Auwal, Tumfure: Ba ya isa kai tsaye, wannan haƙƙi ne in faɗa. Tsarin GPON da ake kai faiba gidaje da shi gigabit 2.5 ne ake rabawa tsakanin gidaje 32 ko 64, da magariba in kowa ya kunna, gudun yana sauka. In rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gida, mai ramin megabit 100 ce, nan za ka tsaya ko me ka biya, kuma talabijin da yawa ramin wayarsu 100 ne. Wi-Fi na zangon gigahaz 2.4 a gida mai bangon bulo da wuya ya ba ka megabit 50. Sai ka koma na 5, wanda ba ya ratsa bango biyu da kyau, ko ka ja wayar intanet irin Cat5e ko Cat6. Igiyar faibar kanta in aka lanƙwasa ta sosai a kusurwar ƙofa haske yana zubewa, in ƙarfinsa ya ragu sosai sai jar fitilar LOS, mai nuna layi ya katse, ta kama. Ga masu aikin titi da magudanar ruwa da ke tsinke ta da katafila. 5G kuma a zangon gigahaz 3.5 yake, ba ya nisa, ba ya son bango. Lokacin da MTN ya fara shi a 2022 birane bakwai aka zaɓa, a Arewa Abuja da Kano da Maiduguri ne kawai. Duk da haka waɗannan matsaloli ne na aiki, ana magance su ɗaya bayan ɗaya.

Bappa Buba, Bolari: To ga wuta. Kwanon Starlink na gida yana cin wat 50 zuwa 100, dare da rana in ba ka kashe ba, kuma hadari mai nauyi yana katse shi. Na'urar DVD wat 10 zuwa 15 take ci. Waya da memori kuwa ƙaramin sola ya ishe su. Ba mu manta da 2024 ba, da aka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe aka yi makonni cikin duhu, a Oktoba kuma Arewa kusan gaba ɗaya ta sake shiga. A ranar 14 ga Maris na shekarar igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, har bankuna suka ji a jikinsu. Duk wanda fim ɗinsa ke hannunsa a ranar bai san an yi ba.

Malama Zainab, Herwagana: Ina jin ana haɗa abu biyu ne. Akwai hanyar kai fim ga mai kallo, a nan Injiniya ya ci faifai. Akwai kuma wurin ajiye shi, wanda intanet ba ya yi da kansa, domin abin da ake cewa yana sama a hadis ɗin wani yake, a ɗakin wani. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, da aka ɗauko daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ganin ya ɓata. A 2016 aka gano naɗinsa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Da babu wani abu da hannu zai taɓa, da babu abin gyarawa. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 da 2000 da yawa a kaset da VCD kawai suka rage, a cikin kwalaye da akwatunan gidaje, kuma ruɓewa suke yi yanzu haka.

Amma kada a ɗauka memori ne mafita, Lamara. Caji ne ke riƙe da bayanan cikinsa, in aka ajiye shi shekaru ba a saka a na'ura ba, musamman a zafi, cajin yana zurarewa.

Lamara, Jekadafari: Haka ne Malama, ga kuma na jabu. Za a rubuta 64 a jiki, cikinsa 8 ne, waya ta nuna 64 ɗin. Kana wuce 8 sai ya fara taka na farko, sunayen fina-finan suna nan amma ba sa buɗewa. Gwajinsa shi ne a cika shi da manhajar H2testw a kwamfuta ta sake karantawa. Sannan memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT, wasu tsofaffin talabijin kuma ba sa karanta exFAT ɗin.

Adda Rabi, Pantami: Malama, ga wanda ke da kwalin tsofaffin faifai, musamman furodusoshi da magadansu masu haƙƙin aikin, ta ina zai fara?

Malama Zainab, Herwagana: A fara da waɗanda aka ƙona a kwamfuta, su ne suka fi kusa da mutuwa. A wanke faifan da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira, domin ƙarzanewar da ta bi da'ira tana shafe dogon layin bayanai a jere. In VCD ne, fim ɗin yana cikin jakar MPEGAV, fayil mai suna AVSEQ01.DAT. In DVD ne a kwashe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya, ko a ɗauki faifan dungurungum a matsayin fayil guda na ISO. Kada a matse shi zuwa MP4 a jefar da asalin, hoton VCD ɗigo 352 ne a 288, ba shi da abin da za a rage. Wanda ya ƙi karantuwa a gwada shi da manhajar ddrescue, tana tsallake wurin da ya lalace ta dawo masa daga baya. A yi kwafi uku, biyu a hadis daban-daban, ɗaya a wani gida ko a intanet, inda layin Injiniya zai yi rana. A riƙa kunna hadis ɗin ana duba shi ko sau ɗaya a shekara. A kuma ɗauki hoton kwalin gaba da baya, sau da yawa a nan kaɗai sunayen ma'aikatan fim ɗin da shekararsa suke.

Bappa Buba, Bolari: Sai a nemi na'urar karanta faifai ta USB tun yanzu, tunda sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da ramin faifai. A sayi biyu masu suna daban, domin faifan da ɗaya ta ƙi sau da yawa ɗayar tana karɓa. In idon ya yi ƙura, auduga ce da ɗigon sifirit mai tsabta, a taɓa a hankali, a bar shi ya bushe minti biyar kafin a rufe. Kaset na bidiyo kuma in an ga farin fumfuna ta tagarsa, kada a saka shi a na'ura tukuna, zai toshe kan na'urar ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya.